Wanki Iri Biyu

Mutum uku Allah Ya damƙa wa amanar fuskar ɗan Adam: ungozoma da ta fara ganinta, mai wankan gawa da zai gan ta a ƙarshe, da mai hoto da ke riƙe da ita a tsakani. Biyun farko sun huta, don ba wanda ke komawa wurinsu ya ce su maido abin da suka gani. Mai hoto kaɗai ake tsaya wa a bakin ƙofa bayan shekaru a ce masa, ina fuskar nan da muka ba ka? Wannan babban muƙami na riƙe shi a cikin wani shago mai ƙofa ɗaya da rabin taga, tsakanin mai faci da mai sayar da maganin feshi, a bakin hanyar da ta fita daga Jega ta nufi Aliero.

Ku yaran yanzu da ke zama a bencina kuna shafa waya, na san abin da kuke faɗi in na ba da baya. Kuna cewa sana'ar Malam Sahabi danna maɓalli ce, ko ƙanwarku 'yar aji uku tana iya ta. Ban musa ba. Ɗaukar hoto ba ta taɓa zama aiki ba, ko a zamaninmu. Aikin yana wurin ajiya, kuma shi ne ba wanda ya taɓa zuwa ya ce in koya masa. To ga darasin nan kyauta, tunda ba ku tambaya ba. Sunayen mutanen ciki na sauya su, ƙauyen ma na ɗan gusa da shi, za ku ga dalili.

Koyarwa na fara yi, a wata firamare ta wajen Dangamaji, ina koya wa 'ya'yan manoma jam'in sunaye alhali iyayensu na jiran su a fadama. Da aka yanke Kebbi daga Sakkwato sai sabuwar jiha ta tashi da yunwar fuska. Kowane fayil sabo ne, kowace takarda tana son hoton fasfo a kusurwarta, daga masinja har darakta sai mutum ya zauna gaban labule. Na dubi albashina, na dubi layin da ke ƙofar Baba Mamman mai hoto, na yi irin lissafin da ban taɓa koya wa ɗalibai ba, na ajiye alli.

Baba Mamman dogon mutum ne mai ƙarancin magana, yatsunsa sun rine da maganin wanki har sun koma kalar goro. Tica yake ce mini, kuma bai sauya ba har ya koma ga Allah. Watannin farko bai bar ni na taɓa kyamara ba. Ina ɗebo ruwa, ina share shago, ina riƙe labulen da aka zana gidan bene da jirgin sama a jikinsa in iska ta taso, ina guge kwat. Kwat ɗaya gare mu da taye ɗaya na aro ga masu neman aiki. Wanda ya bi fayilolin ma'aikatan ƙaramar hukuma na wancan lokaci zai rantse tela ɗaya ya yi musu ɗinki, kuma telan bai iya awo ba.

Aikin farko da ya bar ni na wanke da hannuna hoton mahautan Jega ne, sun jeru da fararen riguna, shugabansu a tsakiya ya dafa gwiwa. Ɗakin duhun namu tsohon banɗaki ne da aka toshe tagarsa da kwali, da jan ƙwan lantarki, da tire uku na roba. Sai ka haska nagatif, wato fim ɗin da kyamara ta ɗauka, a kan farar takarda, ka tsoma ta cikin tire na farko, kana girgiza shi a hankali, kana kallon mutane suna fitowa daga cikin fari kamar masu tasowa daga gulbi. Huluna ke fara fitowa, sannan idanu. In ka yi gaggawa su fito kamar fatalwa, in ka yi jinkiri su ƙone. Nawa sun ƙone. Shugaban mahauta ya dubi hoton ya ce shi dai ya san baƙi ne, amma bai san ya kai haka ba, ya kuma tambayi Baba ko a makarantar da na koyar haka yaran suka fito. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauko nagatif ɗin daga gwangwanin biskit inda yake ajiye su, ya sake wankewa, suka fito tas. Rannan na gane cewa takarda ba komai ba ce, in asali yana nan ana iya sake ta sau dubu.

Wanki kenan a bakinmu: fito da hoto daga inda yake ɓoye ya zama abin riƙewa a hannu. Baba yakan ce, “Tica, hoton da ba a wanke ba, ba hoto na ba, alkawali na.” Ku riƙe wannan kalma ta wanki, za mu dawo mata.

Zamani ya juya. Hoto mai kala ya zo, muka koma aika fim Birnin Kebbi ta hannun direbobi, wani ya dawo, wani ya yini a gaban mota cikin rana ya dawo kowa a ciki ja kamar tattasai. Daga baya kyamara marar fim ta shigo. Da aka buɗe jami'a a Aliero ɗalibai suka cika ko'ina, masu son hoto yau su karɓa yau, dole na sayi kwamfuta da injin bugawa. A lokacin shagon ya dawo hannuna, idon Baba ya yi rauni, amma kullum da safe yana zuwa ya zauna a kujerar ƙofa da carbinsa, yana amsa sallama yana ba da umarnin da ba kowa ke bi ba. Ranar da aka kafa kwamfutar ya zagaya bayanta ya leƙa, ya dawo ya tambaye ni ina ake zuba ruwan. Na ce babu ruwa. Bai sake tambaya ba. Kalmar dai ta zauna, har gobe mai zuwa shagon hoto cewa yake a wanke masa, ko da ɗigon ruwa bai taɓa takardar ba.

Yanzu ku saurara, nan ne wurin da kuke cewa mai sauƙi. Hotuna suna zaune ne a cikin wani ɗan akwati baƙi da ake jona wa kwamfuta. Masu gyara had-dis suke ce masa, ni rumbu nake ce masa. A cikin rumbu hoto ba shi da suna, lamba gare shi kawai. Abin da ya san waye waye shi ne kundi, wato manhajar da nake gyaran hoto da ita. A kundi nake rubuta sunan mutum da garinsu da sana'arsa, a can ake ajiye duk gyaran da na yi, kuma kundi ya san a wane lungu na rumbu kowane hoto yake kwance. Amma kundi ba ya ɗauke da hoton kansa. Abin da yake nuna maka a jere ƙananan inuwoyi ne, kowace ba ta kai ƙumbar babban yatsa ba, sai ka danna ɗaya sannan ya ruga rumbu ya ɗauko asalin. Ni da na yi koyarwa na san irinsa. Rajistar aji ce. Kana iya rungume rajista ka fita da ita daga ajin da ya kama wuta, sunan kowa na nan daidai, yaran kuma suna ciki.

Shekarar da nake son ba ku labari, ana tsakiyar cire albasa, wata mata ta yi sallama a ƙofar shago. Sunanta Kulu, daga wani ƙauye kusa da Maiyama. Tana goye da yaro, wani mutum kuma na biye da ita, ƙanen mijinta ne, Haruna. Shi ya yi bayani, ita tana kallon ƙasa. Wansa ya bi motar albasa zuwa kudu, motar ta kife a hanya, Hausawan garin da abin ya faru suka yi masa sutura a can. Gawa ba ta zo gida ba, labari ne ya zo, da agogonsa. Lokacin Kulu na da ciki. Yaron da ke bayanta Audi ake kiransa, sunan da muke ba wanda ya zo duniya bayan uba ya bar ta. Mamacin sau ɗaya ya taɓa zama gaban kyamara a rayuwarsa, a shagona, don katin ƙungiyar masu albasa. Katin ya tafi da shi. Ragowar fasfo ɗin tana cikin kwallarta, damina ta rushe ɗakin, ruwa ya cinye takardar.

Na tambaye ta sunansa, na manta da wa nake magana. Ta ja mayafi ta ce, uban wanga. Haruna ne ya ce Umaru. Na rubuta Umaru a kundi, sai ga Umaru sun cika allo, don a ƙasar nan in ka kira Umaru a kasuwa rabin rumfa ke waiwayowa. Na ƙara albasa, suka ragu kaɗan. Na ƙara Maiyama, suka rage 'yan kaɗan. Na juya allon na ce ta duba. Ba ta nuna da yatsa ba, haɓa ta ɗaga wajen na biyu daga hagu. Na danna, rumbu ya yi 'yar ƙara, Umaru ya cika allo: siririn mutum, da zanen fuska na gado, sirara, daga gefen ido zuwa kusurwar baki, da tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu, da shuɗiyar hula da ya ɗan karkata ta. Haruna ya fita waje. Ita ta tsaya.

Babban hoto take so, a cikin gilashi, wanda za a rataye. Ta ce, “Malam, so nika yi in ya tashi ya tambaye ni, in samu abin nuna mishi.”

Na ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Babban hoto a Birnin Kebbi ake buga shi, kuma sai na ɗan gyara haskensa. Ina shirin kwafe shi aka ɗauke wuta, injin janareto kuma ba mai. Na ce gobe.

Washegari rumbu ya ƙi tashi. Sai wata ƙara yake yi, ƙas, ƙas, kamar ana taunar tsakuwa a cikin tuwo. Na naɗe shi a tsumma na kai wa Nasiru, mai gyaran kwamfuta a bayan tasha, wanda duk Jega ke kira Injiniya. Magidanci ne mai natsuwa, ya san aikinsa, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Su ma a sana'arsu suna da wanki. In waya ko kwamfuta ta kamu da cuta ko ta rikice, sai su wanke ta, wato su share duk abin da ke cikinta ta koma kamar ranar da aka saye ta. Na sha jin yana faɗa wa mutane haka a gabana, ban taɓa tsayawa na ga cewa kalmarmu ce ya ara ya juya ta baya ba.

Nasiru ya lallaɓa rumbun har ya farka, ya ce yana kan gargara, in sayi sabo a kwashe kaya tun da sauran numfashi. Na saya. Ya biyo ni shago ya jona su biyun a kwamfutata, ya ɗauki babbar foldar da na rubuta wa Hotuna ya zuba a sabon. A cikinta akwai kundi da inuwoyinsa da aikin 'yan watannin baya. Tsofaffin hotuna, na duk shekarun da suka wuce, suna cikin wata folda dabam wadda kwamfuta ta raɗa wa suna da kanta tun farko, ban taɓa sauya shi ba. Nasiru ya gan ta, ya ɗauka tarkace ce. Da ya gama ya ce in duba. Na buɗe kundi daga sabon rumbu, fuskoki suka jeru, ba wadda ta ɓace. Na nemo Umaru na danna, ya cika allo da zanensa da tabonsa. Na danna wasu, duk suka fito. Muka yi hamdala. Abin da ba mu lura da shi ba, tsohon rumbun yana jone har lokacin. Kundi ya koma sabon gida, amma hanyar tsohon gida ya sani, can yake rugawa ya ɗauko.

Ina da aiki a Aliero rannan, ɗalibai sun yi taro suna jira. Na bar wa Nasiru tsohon rumbun na ce ya ga ko zai iya raba shi da wannan ƙara, in ajiye shi ko don gaba. Na hau mota.

Abin da ya faru bayan tafiyata daga bakinsu biyun na ji shi, kuma ba su saɓa ko a harafi ɗaya ba. Nasiru ya ga ƙarar ba ta da magani sai wanki, amma ba ya wanke kayan mutum sai da izini. Ya kira wayata ba ta shiga ba. Sai ya hau babur ya zo shago, ya tarar da Baba Mamman a kujerar ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, Baba, tsohon abin ajiyar hotunan Malam ne a wurina, ko ya bar saƙo a wanke shi? Baba ya tambaye shi ko da hotunan mutane a ciki. Ya ce cike yake.

Baba ya ce, “To mi aka yi da hoto in ba wanki ba? Masu su na jira. Wanke su dut, kak ka bar ko guda.”

Nasiru bai bar ko guda ba. Mutum ne mai cika aiki. Da ya gama, don ya tabbatar rumbun ya warke, sai ya cika shi maƙil da finafinai da wa'azi irin waɗanda yake tura wa mutane a waya, ya ga ya ɗauka, ya sake wankewa. Da na dawo ya kawo mini shi a cikin leda, yana murmushi, ya ce ƙarar ma ta ragu.

Ban gane ba sai da na zauna zan gyara Umaru. Na danna inuwarsa, kundi ya tsaya jim, sai ya ɗora mata alamar tambaya. Na danna ta kusa da ita, alamar tambaya. Na gangara ƙasa, shekara bayan shekara, amare da alhazai da jarirai da 'yan ƙwallo, kowa da alamar tambaya a kansa kamar aji guda da aka yi wa tambayar da ba a koya musu ba. Na jona tsohon rumbu. Fari fat.

Na kai shi Sakkwato wurin masu tono abin da aka share. Suka riƙe shi, suka kira ni, suka ce sun samo abubuwa. Rabin wani fim ɗin Indiya ne da wa'azi a kan haƙuri.

Baba da Nasiru sun yi zama ɗaya a kan maganar, a gabana. Nasiru ya ce shi izini ya nema aka ba shi. Baba ya ce shi wanki ya ce, kuma tun kafin a haifi uban Nasiru yake wanki, bai taɓa jin wankin da ake gamawa a tarar ba komai ba, wannan a garinsu ɓarna ake ce mata. Na yi ƙoƙarin raba su da ilimin harshe, na ce kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu. Duk suka dube ni kamar ni na ƙirƙiro ta. Daga rannan Baba ya daina amsa tambayar kowa a ƙofar shago. In an yi magana sai ya nuna ciki da carbi. Damina ta gaba ya rasu. Da na buɗe gwangwanayensa na biskit, gara ta ci rabi, sauran rabin kuma mutane ne da masu neman su ma sun mutu.

Shekarar nan ban yi komai ba sai ba da haƙuri. Mutum ya zo a sake wanke masa hoton aurensa, in ce babu. Tsohuwa ta zo neman hoton ɗanta da ya tafi ci-rani bai dawo ba, in ce babu. Mafi muni, inuwar tana nan, suna ganin ta a allo da idonsu, su ce ga shi nan kuwa Malam, in ce wannan ba shi ba ne. Wani dattijo daga Katanga ya ce mini shi bai yi boko ba, amma ya san in ka ga mutum to yana nan. Labari ya zagaya cewa Malam Sahabi yana riƙe hotunan mutane yana ƙin bayarwa, wasu suka ce sayar da su nake yi a kudu, ko da yake ba wanda ya faɗi mai saye. Aikin biki ya koma wurin wani sabon mai hoto. Na koma fasfo, inda na fara.

Amma kafin duk wannan akwai kasuwa mai zuwa, da Kulu.

Na ɗauki inuwar Umaru na buɗa ta girman da take so. Abin da ya fito ba fuska ba ce, tabarma ce, murabba'i kusa da murabba'i, ruwan ƙasa da baƙi. Zanen gadon ya narke. Idanun ramuka biyu. Tabon gira babu alamarsa. Hular kaɗai ta tsira, don shuɗi ne shimfiɗe wuri guda, ba ta da ƙananan layukan da za su ɓace. Na gwada duk dabarar da na sani. Abin da ba ya cikin hoto ba gyaran da ke sa shi ciki.

Na je Aliero na sami Haruna a kasuwar albasa yana ɗinke bakin buhu. Na faɗa masa komai a tsaye. Bai daina ɗinki ba sai da ya kai ƙarshen buhun. Ya ce matar nan tun da aka kawo agogon ba ta roƙi kowa komai ba sai wannan. Ya ce shi da wansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanzami ɗaya ya yi musu zane, in sun ba da baya ko uwarsu sai ta kira suna biyu. Sannan ya shafa fuskarsa da tafin hannu ya ce, “Ga tawa. Ɗauki abin da kaka so.”

Ya zo shago ya zauna gaban labule, na karkata masa kai yadda wansa ya karkata. A Aliero akwai masu ɗori da ake kawo wa karaya daga nesa, na sha tsayawa ina kallon yadda suke laluben ƙashi su haɗa shi da ɗan'uwansa. Abin da na yi kenan, sai dai su ƙashin mutum ɗaya suke haɗawa. Na ɗauki idon Haruna da hancinsa da bakinsa da zanensa na ɗora a kan tabarmar nan. Na rage faɗin kumatu, don Umaru ya fi shi rama. Na tsaga girar hagu da hannuna, daga abin da na tuna na gani sau biyu. Na bar hular yadda take, na ɗan goge gefenta. A wajen sana'a, ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kafinsa ko bayansa. Haruna ya ce kada in faɗa mata. Na ce ba zan fara ba, amma in ta tambaya ba zan yi mata ƙarya ba.

Ta zo ranar kasuwa da Audi a baya. Haruna ya tsaya a waje yana kallon mai faci kamar bai taɓa ganin taya ba. Na kwance jaridar da aka naɗe gilashin da ita na jingina shi a bango. Ta daɗe tana kallo. Yaron ya miƙa hannu ta kan kafaɗarta yana son taɓawa.

Ta ce, “Malam, wanga Haruna na.”

Na faɗa mata yadda aka yi, da rumbu da kundi da wanki, ban san nawa ta ɗauka ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko akwai inda za a je a samo na farkon. Na ce babu. Ta matso ta ɗora yatsa a kan gilashin, can sama.

Ta ce, “Hular dai tashi ta. Ni na wanke ta ranar da za shi zo wurinka.”

Ta maida jaridar ta naɗe shi da kanta, ta ɗaure da bakin zane. A ƙofa ta juyo ta ce kada kowa ya faɗa wa yaron, in ya girma ita za ta faɗa masa. Ta wuce Haruna ba ta dube shi ba, ya bi bayanta da tazara. Ban sake ganin ta ba. Na ji ta rasu kafin yaron ya gama firamare.

To ga darasin, ku da kuke cewa maɓalli ne. In za ku kwashe hotuna zuwa sabon rumbu, ku kwashi kowace folda, har wadda kuke zaton tarkace ce. Ku nuna wa kundi sabon gida da hannunku. Sannan ku cire tsohon daga jikin kwamfuta, ku sa shi a aljihu, ku fita da shi daga ɗakin in kuna so, sai ku dawo ku danna hotuna, tsofaffi da sababbi, ku ga ko suna buɗewa. Tsohon kuma kada ku ba kowa, ku ajiye shi har ya ruɓe. Ni rumbu uku gare ni yanzu, ɗaya a shago, ɗaya a gida, ɗaya a wurin ƙanwata a Maiyama. Kuma in mai gyara ya ce muku zai wanke, ku zaunar da shi ku tambaye shi wane iri.

Bara wani saurayi ya shigo yin fasfo, ya samu gurbi a jami'ar Aliero. Siriri ne, ba shi da zane, yaran yanzu ba a yi musu. Da na tambayi suna ya ce Umaru, amma Audi aka fi sani. Bayan mun gama sai ya ciro wani abu daga jaka, naɗe a cikin tsohon zane. Gilashin ya tsage a kusurwa, kalar ta fara kodewa. Ya ce an ce masa a nan aka yi shi, ko zan iya sake wanke masa sabo, don shi kenan abin da ya mallaka na mahaifinsa. Ya riƙe shi kusa da fuskarsa yana dariya, ya ce in duba, duk wanda ya gani cewa yake kamar an tsaga kara. Na duba. Gaskiya ne, suna kama ƙwarai.

Wannan aikin yana cikin rumbunana duka uku, don haka ban sha wahala ba, na wanke masa ya karɓa rannan. Ido da hanci da baki na baffansa ne, tabon gira nawa ne. Hular ce ta ubansa.